Tunau Mai Haƙar Rijiya da Kabarin Sarki Tarimasa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya ɗaga sama ya rataye ruwa a jikinta, ya bar ɗan Adam a tsakani yana fama da ƙishirwarsa. Ku matso, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ni ne Tunau ɗan Barmo, mai haƙar rijiya, jikan masu haƙar rijiya, mutumin Kurmin Marke. Abin da zan gaya muku ba ji na yi ba, a jikina ya faru.

Sanadin fitata daga gida kunya ce. Na haƙa wa garinmu rijiya gaba arba'in da ɗaya, wata bakwai ina cikin rami, ban tarar da ko danshi ba. Ranar da aka jawo ni waje, mai gari ya leƙa ya ce, "Tunau, ai wannan ba rijiya ba ce, rumbu ka gina mana a kife." Jama'a suka bushe da dariya. Ni ban yi ba. Na saɓa dagina, na yi rantsuwa ba zan sake zama wuri guda ba sai na san yadda ruwa yake tafiya a ƙarƙashin ƙasa, da inda yake kwana, da abin da yake sa shi ya guje wa mutum.

Shekara shida ina yawo. Na ƙetare sahara, na ƙetare ƙasar da mutanenta suke gina gida da gishiri, na zauna da masana iri-iri, kowa na tambaya sai ya nuna mini gabas. Da ƙasa ta ƙare na shiga jirgin ruwa. A rana ta goma sha tara, da tsakar rana tsaka, ba iska ba hadari, sai muka ji teku ta yi gurnani daga ƙasa, sa'an nan ta miƙe tsaye kamar ganuwar birni ta rufto mana. Ban san abin da ya sami sauran ba. Ni dai na farka a kan baƙin yashi, ƙaguwoyi sun kewaye ni, kowace a bayanta akwai fuskar mutum mai fushi, har da gira da haƙora. Na ce lallai na mutu, waɗannan su ne masu tambaya.

Ashe da saura. Wata tsohuwa ce ta zungure ni da sandar gora, gajeruwa, farin gashinta a ɗaure da igiyar ciyawa. Sunanta Kushime, ita ce uwar ƙauyen Kurehama, a tsibiran da ake kira Asahine, inda rana take fara taɓa ƙasa. Ta sa aka ɗauke ni zuwa gidanta. Shekara guda na yi a hannunta kafin harshensu ya zauna a bakina, ina cin shinkafa da ɗanyen kifi ina kuka a zuci.

Wata rana na gan ta ta kafa gorar nan a ƙasa, ta ɗora kunnenta a ɗaya bakin, ta yi tsit. Can ta ɗaga kai ta ce da mutanenta, "Nan, gaba uku." Suka haƙa gaba uku, ruwa ya ɓullo. Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Iya, abin da na bar gida dominsa ke nan. Koya mini."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ruwa ba ya yin shiru, ɗana. Kai ne surutu ya yi maka yawa."

Wata tara tana koya mini. Na koyi rarrabe kukan ruwa a cikin yashi da kukansa a cikin dutse, na koyi sanin nisansa daga kaurin muryarsa, na koyi cewa in aka tare shi ba ya haƙura, jira kawai yake yi.

A damina ta biyu, lokacin dashen shinkafa, kogin Hayano da yake shayar da ƙauyuka goma sha huɗu ya janye. Ya koma ɗan siririn ruwa, wanda akuya za ta tsallake ba ta jiƙa kofato ba. Irin shinkafa ya fara ja a cikin fadama. Na tambayi Kushime dalili, ta tofar da yawu ta ce, "Tarimasa."

Nan ta ba ni labarinsa. Shi ne Okimi, wato sarkin sarakunan tsibiran. A cikin kwale-kwale aka haife shi, uwarsa tana gudun ƙanen mijinta da ya ƙwace sarauta. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya dawo da mutum ɗari uku ta kan dutsen da kowa ya ce ba a hawa, ya karɓi gadon ubansa. Ya yaƙi kabilu goma sha ɗaya ya haɗa su wuri guda, kuma a ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙen nan ya kashe mijin Kushime da hannunsa.

Ta ce, "Ba na ƙaunarsa, amma ba zan yi masa ƙarya ba. Shi ya kawo mana fartanyar ƙarfe. Shi ya haƙa magudanan da muke sha, yana cikin laka har gwiwa tare da talakawa. Sai da ya fara manyanta masu tsafin rana suka kewaye shi, suka ce shi jikan rana ne, suka rataya asabari tsakaninsa da mutane. Yau shekara ashirin ba wanda ya ga fuskarsa. Wanda ya gani, ko ya taɓa jikinsa, kisa ne. Yanzu kabarinsa yake ginawa tun yana da rai, tudu ne kamar dutse, ya datse koginmu don ya cika gwalalon da ya kewaye shi."

Na ce, "Zan je in gani."

Ta ce, "Za su kashe ka."

Na ce, "Iya, teku ta gwada."

Ta miƙo mini gorarta.

Kwana biyu ina bin busasshen kogi zuwa sama. A rana ta uku dakaru suka kama ni, suka ce ɗan leƙen asiri ne, don ba su taɓa ganin mai launin fatata ba. Na rantse, suka ce ba a rantsuwa da baki a ƙasarsu. Suka kai ni gindin wani dutse mai hayaƙi, inda wani tafki yake tafasa da kansa ba wuta ba itace. Shugabansu ya ce in tsoma hannu in ɗauko tsakuwa daga ƙasa. In hannuna ya sale, maƙaryaci ne ni, sai a jefa sauran jikina.

Na ce a ba ni dama in yi addu'a irin ta ƙasarmu. Na kafa gora a bakin tafkin, na ɗora kunne, ina motsa leɓe. Na zaga, na sake kafawa. A can gefen arewa na ga abin mamaki: birai masu jar fuska zaune cikin ruwan har wuya, suna lumshe ido kamar attajirai. Na matsa kusa da su na saurara, sai na ji siririyar muryar ruwan sanyi tana shigowa ta ƙarƙashin wani falalen dutse. Na ce, "Nan addu'ata ta tsaya." Na naɗe hannun riga, na tura hannu daidai bakin marmaron, na ɗauko tsakuwa na ɗora a tafin shugaban dakarun. Ya juya hannuna gaba da baya, ko ja bai yi ba. Wani biri ya dube ni, na dube shi, kowa ya riƙe sirrin ɗan'uwansa.

Wannan tsira ita ta jawo mini wata masifar. Labari ya kai ga Waziri Omuro, mai kula da ginin kabarin, ya sa aka kawo ni. Jama'a, na ga gine-gine a yawona, amma ban ga irin wannan ba. Tudu ne mai hawa uku, an lulluɓe shi da fararen duwatsu, mutane kamar tururuwa suna hawa da kwanduna. Gwalalon da ya kewaye shi ya fi kasuwar birni faɗi, ruwan ƙauyuka goma sha huɗu yana kwance a ciki ba ya amfanin kowa sai agwagi.

Omuro dogo ne, mai taushin murya, hannunsa bai taɓa sanin ƙasa ba. Ya kai ni madatsar ya nuna mini inda ruwa yake tsatsafowa ta ƙasa. Ya ce, "Baƙo, an ce ƙasa tana yi maka magana. Madatsar nan tana yoyo, mun rasa ta inda take yi. Nemo wurin ka toshe. Za a ba ka gida da gona da rigar alharini."

Na dubi ɗan ruwan nan. Shi ne wanda yake gangarawa Kurehama, shi kaɗai ya rage musu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na san wurin tun ban kafa gora ba. Amma ba zan toshe ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wataƙila harshenmu bai gama zama a bakinka ba. Sake faɗa."

Na ce, "Ya zauna daram. Sana'ata fito da ruwa ce. Ubana bai koya mini rufe shi ba."

Ya ce, "Umarnin jikan rana ne."

Na ce, "To jikan rana ya sauko ya toshe da kansa. An ce da can ya iya laka."

Masu kwanduna da suke kusa suka sunkuyar da kai kamar ba su ji ba. Omuro ya yi murmushi ya ce a kai ni ramin masu taurin kai, in zauna sai na sake shawara. Tsohon rami ne da aka ɗebi yumɓu a ciki, zurfinsa gaba biyar, a gindin madatsar. Suka zura ni da igiya, suka janye ta. Gorata suka jefo mini don ba'a, wani yana cewa, "Ga abokiyar hirarka."

Wanda bai san sana'a ba shi ne zai hukunta mai haƙar rijiya da rami. Suna tafiya na kafa gora a bangon dama, na ji ruwan gwalalo yana numfashi kamar sa a ɗaure, kamu tara daga inda nake. Na kafa a bangon hagu, na ji iska tana wasa a tsohuwar hanyar kogi, kamu goma sha huɗu. Kullum da hantsi ana zuro mini shinkafa a cikin ɓawon kawa, wato irin katantanwar teku, mai faɗin tafin hannu biyu. Na ce ɓawon farko ya fashe, na ɓoye shi. Shi ya zama dagina.

Hagu na fara. Ina haƙa ina baje ƙasar a gindin ramin ina tattakawa, ba mai lura, don ba wanda yake son leƙa ramin da shi ma za a iya jefa shi. Faratuna suka fita ɗaya bayan ɗaya. Duk kwana uku Omuro yakan zo ya tsaya a baki ya ce, "Baƙo, ka sake shawara?" Ni kuwa sai in jingina da bakin hanyata in ce, "Ranka ya daɗe, ina nan ina ta zurfafa tunani."

Kwana goma sha ɗaya na kai ga tsohuwar hanyar kogi, na bar ɓawon ƙasa kamar kaurin tafin hannu don kada a gani. Na juya dama. Nan ne tsoro ya same ni, don kowane kamu na ci, ƙasar tana ƙara laushi, muryar ruwan tana ƙara kauri, har ya zama ba na bukatar gora. A kwana na goma sha tara bango ya fara gumi. Na fasa gaɓoɓin gorar na mai da ita bututu, na kafa ta a laka, na yi bisimilla, na danna da ƙirjina. Ruwa ya fito ta cikinta kamar kibiya ya buge ni a wuya. Ban tsaya kallo ba. Na rarrafa ta hanyar hagu, ruwa yana lasar dugadugaina, na fasa ɓawon ƙasar da ka, na faɗo cikin hasken rana. Ban gama hawa gaɓa ba na ji ƙara kamar aradu. Gefen madatsar ya zauna, kogin Hayano ya tuna hanyarsa.

Daji yana nan kusa, da na so gudu da na gudu. Amma na san in ba a sami mai laifi ba, Kurehama za a je a nema. Na zauna a kan dutse ina wanke laka, har dakaru suka iso.

Aka ja ni zuwa fada, aka jefar da ni gaban asabarin. Fadawa da masu tsafin rana duk goshinsu a ƙasa. Aka danna kaina, na ɗago, aka sake dannawa, na sake ɗagowa. Sai wata murya ta fito daga bayan asabarin, tsohuwa, a dishe, amma da ƙarfe a cikinta.

"Ku bar shi. Kai ne ka fasa mini madatsa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Da me?"

"Da ɓawon kawa da gora."

Na gane Tarimasa ne da kansa. Sa'an nan ya ce, "Mutum dubu huɗu suka gina ta. Shekara arba'in da huɗu ina kan gadon nan, kabilu goma sha ɗaya sun gwada ni, ba wanda ya taɓa karɓar abu daga hannuna sai wanda na ba shi. Ba za a fara yau ba. Za ka fita gaban jama'a ka ce ni na umarce ka. In ka faɗa, ka rayu."

Omuro ya raɗa mini, "Karɓa, mahaukaci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ka umarce ni ba. Kwana goma sha tara na yi a rami, ban ji muryarka a can ba. Faratuna goma na bayar, ba zan ba da aikin kyauta ba."

"To za ka mutu."

"Zan mutu. Kai ma za ka mutu, shi ya sa kake gini. Amma wata tsohuwa a Kurehama, wadda ka kashe wa miji, ta ce mini kai ka haƙa magudanan da suke sha, kana cikin laka har gwiwa. Ta ƙi jininka, amma ta faɗi wannan. Ni dai kashi ɗaya cikin uku na madatsar na iya fasawa, ruwan ba zai kai ƙauyukan ƙarshe ba. Sauran tana nan tsaye. In kana so a ce kai ka buɗe kogin, ba sai an yi ƙarya ba."

Babban mai tsafin rana ya ɗago a fusace ya ce a fille kaina nan take. Muryar ta ce, "Wa ya tambaye ka?" Sai kuma ta ce, "A kawo abin ɗaukata. A kawo fartanya."

Aka ɗauko shi a cikin akwatin gora mai labule, mutum takwas suna riƙe, fada duka tana biye, ni ma ana jana a baya. A kan ragowar madatsar ya sa aka sauke shi. Mai shela ya yi kira, mutum dubbai, daga waziri har mai kwando, suka kife da fuska a ƙasa. Labulen ya buɗe.

Ni ban kife ba. Na ga wani ɗan tsoho ƙanƙane, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, tsohon sara ya ratsa kumatunsa, fatarsa ta yi fari fat don rashin rana. Ya ƙifta ido cikin hasken kamar jariri. Ya riƙe fartanyar irin riƙon wanda ya san ta. Ya dube ni ya ce, "Ina?"

Na nuna masa inda ƙasar ta riga ta tsage. Ya tofa yawu a tafinsa ya sara. Ya sake sara. A sara na bakwai madatsar ta yi nishi ta buɗe, ƙasar da yake tsaye a kai ta tafi da shi. Na yi tsalle na cafko shi ta ɗamara, muka gangara tare cikin laka, na jawo shi gaɓa kamar buhun gero. Ya zauna yana tari, laka har cikin kunnensa, takalmi ɗaya ya tafi. Ya dubi kogin yana gudu cike da bakinsa, kafaɗunsa suka fara rawa. Na zaci kuka yake yi, ashe dariya ce.

Ya ce a hankali, "Yanzu wa ya buɗe?"

Na ce, "Kai ka buɗe kashi biyu, ranka ya daɗe. Ɗaya nawa ne."

Ya ce, "Kai, taurin kanka ya yi yawa." Ya share fuska. "Ka ga fuskata, ka kuma taɓa jikina. Wannan dokar ta fi ƙarfina, in na yafe maka yau, gobe za su sa maka guba a shinkafa. Yaushe za ka kai teku daga nan?"

Na ce, "In na bi ruwan nan a kan gungume, kafin la'asar."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya juya ga dubban bayan da suke kife, ya buɗe muryar da ya taɓa kiran mayaƙa da ita ya ce, "Jikan rana yana wanka a koginsa! Duk wanda ya ɗaga kai kafin a buga ganga, kansa ya rabu da wuyansa!" Sa'an nan ya dube ni ya yi mini nuni da haɓa.

Na turo wani gungumen madatsar na hau. Ruwa ya ɗauke ni, na wuce ta gaban Omuro yana kife, gindinsa a sama, laka tana malalowa ƙarƙashin goshinsa bai isa ya motsa ba. Na waiwaya sau ɗaya. Tsohon yana zaune a gaɓa shi kaɗai, ya cire ɗaya takalmin, ya zura ƙafafunsa biyu cikin ruwa.

Ƙauye bayan ƙauye na wuce, ruwa yana shiga fadamu, mata suna gudu da kwandunan iri a ka. A Kurehama Kushime ta tsaya cikin gonarta, ruwa har idon sawu. Na gaya mata abin da ya faru a taƙaice. Ta ce, "Da hannunsa?" Na ce da hannunsa. Ta dubi wajen tudu ta ce, "Sara bakwai. Da yana saurayi uku zai yi." Ta sa aka turo mini kwale-kwale da tulun ruwa da ƙunshin shinkafa, ta nuna mini tsibirin da jiragen fatake suke tsayawa.

Na yi nisa cikin teku, rana ta karkata, inuwar dutse ta kwanta a kan ruwa, sa'an nan na jiyo ganga daga can tudu, bugu ɗaya, mai nauyi. Wuni guda cur ya bar fadarsa da goshi a laka. Na ajiye filafili na yi dariya har hawaye, kana na ɗauka na ci gaba da tuƙi.

Nan wannan ya tsaya. Allah Ya jiƙan wanda ya ba da ruwa, Ya shirya wanda ya tare shi.